Wa Zai Ɗaga Mama?

Yau ba zancen taki ko iri zan yi ba. Wata magana ce ta taso a taron ƙungiyarmu ta gama kai, har ta hana mu gama lissafin masara, ina kuwa tsammani ba mu kaɗai ta shafa ba.

Akwai wata uwa a cikinmu, gwauruwa, wadda ta yi shekaru tana tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Da kuɗin ƙosan nan ta sa 'ya'yanta huɗu a makaranta. Yanzu jiki ya yi mata nauyi ƙwarai. Da malamin asibiti ya nemi sanin nauyinta, sai da muka kawo sikelin da muke awon hatsi, ya nuna kilo 118. Ku da kuke ɗaukar takin zamani kun san buhu ɗaya kilo 50 ne. Wato ta fi buhu biyu. Gwiwoyinta sun gaji, ga ciwon sukari, ga hawan jini. Daga gado zuwa bayan gida sai da mai riƙe ta.

'Ya'yan duka suna birni. Suka haɗa kuɗi, suka samo yarinya 'yar shekara 13 daga wani ƙauye, aka ce ita za ta dubi Mama. Ran nan da damina, kowa yana gona, Mama ta zame a bakin makewayi. Yarinyar ta ja, ta ja, ta kasa. Ta zauna kusa da ita suna kuka tare, tun da hantsi har rana ta karkata, sa'ad da wani maƙwabci ya dawo neman ruwa ya ji su.

A wurin taro mutane suka rabu biyu. Waɗansu dattawa suka ce abin kunya ne a biya bare ya yi wa uwarka wanka kana da rai. Waɗansu suka ce ai yaran sun yi ƙoƙari, tun da ba su taɓa fasa aiko da kuɗi ba. Ni ban yarda da ko ɗaya ba.

Ga dattawanmu, da girmamawa nake tambaya: sa'ad da muka ce “iyali su yi”, wa muke nufi? Kusan kullum matar ɗa ce, ko 'yar auta, ita kaɗai, ba lada, ba hutu, gonarta kuma ciyawa ta cinye. Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Mai nauyi haka, idan ya kwanta ciwo, sai a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu, in ba haka ba gyambo ya fito a ƙugu da duga-dugai. Dole a wanke duk inda fata ta naɗe, ƙarƙashin ciki da tsakanin cinyoyi, a share ya bushe sarai, gama gumi da ya kwanta a nan yakan ci fata. Dole a duba ƙafafu kowace rana, domin ɗan rauni a ƙafar mai ciwon sukari yakan daɗe bai warke ba, wani lokaci ma shi kansa ba ya jin zafinsa. Muna ɗaukar 'yan ƙwadago su yi mana noma ba mu ji kunya ba. Don me za mu ji kunyar biyan wadda za ta yi wannan aiki da ya fi noma wuya?

Amma fa a biya babba, kuma a biya sosai. Ɗaukar ƙaramar yarinya domin ta fi araha zalunci ne ga ita da Mama duka. Tun shekara ta 2004 dokar ƙasarmu ta ce kowane yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare. Kuma ko ƙato ne ba ya ɗaga kilo 118 shi kaɗai bai ji wa bayansa ciwo ba. Ku duba Markus sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayyen nan zuwa wurin Yesu.

Ga masu cewa kuɗi ya isa kuwa, akwai abin da ba a iya ba 'yar aiki. Misali abinci. Idan Mama ta ce a ƙara mata tuwo, ko a kawo mata lemon kwalba, wadda ke cin albashi a gidan ba ta da bakin ƙi. Ɗanta ne kaɗai zai iya durƙusawa ya ce, “Mama, ki yi haƙuri, wannan ya isa.” Abin mamaki, 'ya'yan nan su ne masu zuwa da katan ɗin lemo da burodi da sukari, suna ganin ƙauna ce. Mu ma da laifinmu, gama mun saba yaba mai ƙiba mu ce ya samu hutu, sai ya kasa tashi mu koma yi masa ba'a muna cewa haɗama ce. Ba kullum haɗama ba ce. Akwai gado, akwai magungunan da ke sa jiki, akwai ciwon gwiwa da ke hana tafiya, rashin tafiyar kuma ya ƙara nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. (Gargaɗi ɗaya: kada ku rage wa mai shan maganin sukari abinci farat ɗaya da kanku, yana iya suma. Ku nemi shawarar malamin asibiti.) Kai ta asibiti, da sanin maganin da take sha, da zama a yi hira da ita, duk na 'ya'ya ne. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura 5, ya fara ɗora nauyin gwauruwa a kan 'ya'yanta da jikokinta kafin ikilisiya.

Ga abin da muka yi. Yarinyar ta koma gidansu, 'ya'yan Mama suka ɗauki nauyin kayan makarantarta. Aka samu wata mace mai ƙarfi a cikin Zumuntar Mata, aka yanka albashinta a gaban dattawan ikilisiya, aka rubuta a littafi, tare da hutun kwana ɗaya a mako. Kafinta ya ɗaga ƙafafun gado domin tashi ya yi sauƙi, ya ƙera kujera mai ƙarfi mai huda da bokiti a ƙarƙashi, ya kafa itacen riƙewa a bango. Samarin ƙungiya suka yi jeri kamar na gayya, biyu da safe, biyu da yamma.

Babban ɗan ya kira ni a waya ya ce, “Malam, nawa ne ya rage in aiko?” Na ce masa ba sauran kuɗi, ranar hutun mai aikin ce ba mu da kowa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai yi magana da ƙannensa, shi zai zo bayan girbi. Mun rubuta sunansa a makon farko na Disamba.