A Kwashe Kaya Kafin A Rushe Ɗaki

Ran 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, wadda ya fito da ita tun 2015. Watau ya daina aiko mata da gyaran tsaro, ban da waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi. Kwamfuta ba ta mutu ba don haka, amma ta zama katangar da ba mai yaɓe, kowace damina sai ta ƙara zaizayewa. Mun ga abin da ya sami asibitocin Ingila cikin 2017, sa'ad da cutar WannaCry ta kulle kwamfutocin da aka yi sakacin gyarawa. Saboda haka ƙaura zuwa Windows 11 ta zama tilas, ba mu ja da wannan.

Abin da muke ja da shi shi ne gaggawa. Akawu ko malamin makaranta ya kan ɗauki kwamfutarsa ya nufi shagunan Titin Ibrahim Taiwo, ya ce a sa masa sabuwar, ya tafi Sabon Gari cefane. Bai ce a bar masa kayansa ba, mai gyara kuwa bai tambaya ba, share kome ya fi masa sauri. Da la'asar sai a tarar sakamakon jarrabawar yara, da takardun albashi, da wasiƙun shekara goma duk sun tafi. Laifin wa? Lalle na mai kaya ne tukuna.

A zamanin En'e akawu ba ya barin tsohon ofis sai ya ƙidaya rajistocinsa ɗaya ɗaya, an sa hannu. Wannan ɗabi'a muke so a farfaɗo da ita. Da fari a kwafe kome cikin faifan ajiya dabam, a buɗe kwafin a wata kwamfuta, a tabbata yana karantuwa. Sa'an nan a duba ko injin zai ɗauka, gama Windows 11 tana bukatar ƙwaƙwalwa gigabayit 4, da ma'aji gigabayit 64, da abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Da yawa cikin tsofaffin injuna ba su cika sharaɗin ba, kada a yarda a cusa musu da dabara. In ya cika, mai kaya ya tsaya da kansa ya ga an zaɓi barin takardu da manhajoji, a wurin da wuta ba za ta yanke ba. In sabuwar ta ƙi, akwai kwana 10 na komawa baya.

Muna roƙon shugabannin makarantu kada su bar kwamfutar ofis ta fita ƙofa sai kwafinta yana cikin akwati a kulle. Jama'a, da-na-sani ƙeya ce, a baya take.