Cima-Zaune a Aikin Rukuni: Laifin Wa?

'Yan uwana ɗalibai, duk lokacin da malami ya raba mu rukuni-rukuni ya ba mu aiki, labarin ɗaya ne. Mutum biyu su yi ta fama da kwali da maka, sauran su ɓullo ranar miƙa aiki su ce a sa sunansu. Muna zaginsu da cima-zaune, amma ni a ganina yawanci shugaban rukuni ne ke ba su ƙofa.

Wannan hali ba a ajinmu ya fara ba. Wani injiniyan aikin gona ɗan ƙasar Faransa mai suna Ringelmann ya sa mutane jan igiya, ya wallafa sakamakon a 1913. Ya gano cewa da yawan masu ja ya ƙaru, sai ƙarfin da kowane mutum ke sawa ya ragu. Wanda ya san ba a ganin ƙoƙarinsa, sai ya saki jiki.

To, ku duba shugabanninmu. Akwai mai kwashe aikin duka ya kai gida don tsoron kada a ɓata masa maki. Ya koya wa sauran cewa ko ba su zo ba za a gama. Akwai mai tsawa da "ni na ce", wanda in ka kawo shawara sai ya gwasale ka, gobe ka yi shiru. Akwai kuma mai cewa "kowa ya yi abin da zai iya". Aikin kowa da kowa kuwa ba na kowa ba ne.

Iyayenmu manoma sun fi mu dabara. A gayya kowa da kunyarsa, ana tafiya a jere, makaɗi na yi wa na gaba kirari. Wanda aka bari a baya, kowa na kallonsa. Haka ya kamata shugaba ya yi: wane zane, wance rubutu, wane bayani a gaban aji, kuma a sa ranar da kowa zai kawo nasa. Wanda ya kasa a taimaka masa, kada a karɓe masa.

Malamanmu, muna roƙo ku riƙa tambayar kowane ɗalibi ɓangaren da ya yi kafin ku ba da maki. Wanda ya ci makin banza yau, ranar jarrabawa shi kaɗai zai zauna da takardarsa.

Daga wata 'yar aji biyu