Waiwaye: Kan Sarkin Santi Ɗaya da Tarin Fuka

A 1904, lokacin da wasu likitoci da masu kishin jama'a suka kafa ƙungiyar yaƙi da tarin fuka a Amurka, ba su da maganin cutar ko ƙwaya ɗaya. Shugabanta na farko, Dokta Edward Trudeau, shi ma yana fama da ita, kuma ita ta yi ajalin 'yarsa. Iyakar abin da suke iya ba majinyaci hutu ne da iska mai kyau da abinci, sai faɗakar da jama'a a daina tofar da kaki ko'ina. Sai a 1943 aka gano streptomycin. Wato kusan shekara arba'in suna faɗi-tashi babu magani a hannu.

To ina kuɗin aikin ya fito? A 1907 wani ƙaramin asibitin masu tarin fuka a jihar Delaware ya kusa rufewa saboda rashin dala 300. Wata baiwar Allah, Emily Bissell, ta samu labarin dabarar da wani ma'aikacin gidan waya a Denmark, Einar Holboll, ya fito da ita: a buga ɗan kan sarki na ado, a riƙa manna shi a wasiƙun Kirsimeti. Ta ranto kuɗi ta buga, ta kasa a gidan waya, kowanne santi ɗaya. Dala 3,000 ta tara, ninki goma na abin da ake nema, daga baya kuma ƙungiyar ta rungumi wannan dabara. Abin da ya fi burge ni shi ne farashin. Ta sa shi inda lebura da ɗan makaranta za su iya saye, yaƙin ya zama na kowa, ba a jira attajiri ba.

Da cutar ta lafa a can, ƙungiyar ba ta naɗe tabarma ba. Ta juya kan taba sigari da asma da gurɓatar iska, a 1973 ta koma American Lung Association.

Mu kuwa har yau Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi addaba a duniya, alhali gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati. Abin da ya gagari Trudeau muna da shi. Waɗanda suka yi mana ƙaranci su ne masu bin gida-gida su ce wa mai tarin da ya wuce mako biyu: "Baba, tashi mu je a duba kakinka."