Motar lantarki a Kudancin Kaduna: A fara da wuta da babur, kamfani ya biyo baya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin duk mai abin hawa a ƙasar nan ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, kuma ɗan sauƙin da ta yi daga baya bai mayar da kuɗin mota inda yake ba. A Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachia, ba sai an gaya wa kowa ba. Ɗan acaba ya ji a balas ɗin da yake kai wa ubangidansa, manomin citta ya ji a kuɗin dako, ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Kafanchan da Kaduna ya ji a albashinsa.

Saboda haka ba laifi ba ne idan hankalin jama'a ya karkata ga motar lantarki, wadda ba ta shan mai, ba ta buƙatar juyen baƙin mai. Gwamnatin Tarayya ma ta cire mata harajin VAT a watan Oktoban 2024. Sai dai tambayoyi biyu ne ya kamata a amsa kafin kowa ya zura hannu a aljihu. Kamfanin da ke ƙera ta zai iya tsayawa da ƙafafunsa? Wanda ya saye ta a wannan yanki zai ci riba ko zai yi da-na-sani? Matsayin wannan jarida shi ne cewa lantarki zai amfani Kudancin Kaduna a harkar sufuri, amma ta hanyar babur da Keke Napep da tashoshin caji masu aiki da hasken rana. Maganar kafa kamfanin ƙera motoci da kuɗin jama'a kuwa, lokacinta bai yi ba.

Tarihin masu ƙera irin waɗannan motoci a ƙasashen da suka fi mu kuɗi da wuta ya isa gargaɗi. An kafa Tesla a 2003, amma bai rufe shekara da riba ba sai a 2020, bayan shekaru 17 masu zuba jari suna cike masa giɓi. Wasu ba su kai ga ganin wannan rana ba. Lordstown Motors ya durƙushe a 2023, Fisker a 2024, Canoo da Nikola a farkon 2025, dukkansu a Amurka. Northvolt na Suwidin, wanda Turai ta ɗora wa burin ƙera batir, ya karye a watan Maris na 2025. Ford, mai fiye da shekaru ɗari a sana'ar, ya yi asarar sama da dala biliyan 5 a sashensa na motocin lantarki a 2024 kaɗai. Dalili ɗaya ne: masana'antar mota tana cin jari mai yawa tun kafin ta sayar da mota ta farko, kuma ba ta fara riba sai tana fitar da dubun-dubata a shekara. BYD na Sin ya yi nasara ne domin tun asali kamfanin batir ne, yana ƙera mafi tsadar ɓangaren motar da kansa, ga kasuwar gida mai faɗi, ga goyon bayan gwamnatin ƙasarsa na shekaru masu yawa.

Mutanen Jihar Kaduna ba sa buƙatar zuwa Amurka neman wannan darasi. Kamfanin Peugeot na Kakuri, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma a lokacin da yake ganiyarsa ƙirar 504 ce motar gwamnati da ta haya da ta mai gida. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin SAP na 1986, kayan haɗi da ake shigowa da su suka yi tsada, motoci 'yan Kwatano suka cika kasuwa, hukumomi suka koma sayen na waje, sai kamfanin ya shiga bashi har hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. Abin da ya kayar da PAN yana nan, ya ma ƙaru. Dalar da ake canzawa a kusan naira 460 a farkon 2023 ta wuce naira 1,500 a 2024, kuma kuɗin ruwan bankuna ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari. Kamfanin da zai sayo batir da injin lantarki da dala, ya ci bashi da irin wannan ruwa, sannan ya sayar wa mai samun naira, ya fara da asara tun kafin ya buɗe ƙofa.

Wannan ba ya nufin ba a yi komai ba a Najeriya. Kamfanin Stallion ya harhaɗa Hyundai Kona mai aiki da lantarki a Legas a 2020. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana ƙirar Chevrolet Volt, ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun fara da cire injin mai daga ƙananan bas da Keke Napep suna sa musu batir, kafin su kai ga ƙera nasu. Abin lura a aikin Maiduguri shi ne an nufi motar haya mai gajeren zango, wadda ke ɗaukar fasinja daga safe zuwa dare, kuma an haɗa ta da wutar sola. Nan ne lissafi yake fita.

Ga mai saye kuwa, lissafin ya rataya ne a kan inda zai yi caji. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 na wuta a tafiyar kilomita 100, mai amfani da fetur kuma tana shan lita 8 zuwa 10. Ko da farashin wutar rukunin Band A, wanda aka ɗaga zuwa sama da naira 200 a kan yunit a watan Afrilun 2024, kuɗin wutar bai wuce kusan rabin kuɗin man ba. Amma wannan riba ta wanda ke samun wuta ce. Idan da ƙaramin janareto za a yi cajin, wanda kan sha kusan rabin lita kafin ya ba da yunit ɗaya, to an koma gidan jiya: man da aka guje wa a tasha shi za a ƙona a tsakar gida. Ga kuma batir, wanda kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar, yana rage ƙarfi da shekaru, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Wanda ya sayi tsohuwar motar lantarki ba tare da an auna lafiyar batirinta ba, caca ya yi. Idan ta tsaya tsakanin Kachia da Zonkwa, bakaniken bakin hanya ba shi da na'urar duba ta, kuma wutar da ke cikinta tana iya kisa ga wanda bai san kanta ba.

Halin da wutar take ciki sananne ne. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku. A watan Janairun 2024 hukumar NERC ta rusa hukumar gudanarwar Kaduna Electric saboda bashin naira biliyan 110. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu layin da ke zuwa ta Binuwai. Habasha ta hana shigo da motocin fetur na kashin kai a 2024, amma ta yi hakan ne tana gina madatsar ruwa mai ba da megawat fiye da 5,000. Mu kuwa tashar Kudenda mai megawat 215 ta daɗe tana jiran a kammala ta, sannan ƙauyuka da dama a yankin da madatsar Gurara take ba su san wutar kirki ba.

Abin da zai yi aiki yanzu shi ne ƙarami. Batirin babur bai wuce yunit kaɗan ba, mutum yana iya ɗaga shi, kuma faifan sola a rufin shago ya isa cika shi. A Kigali, kamfanoni irin su Ampersand suna sayar da babur su riƙe batirin. Ɗan acaba ya zo tasha ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna, ya biya ƙasa da abin da zai kashe a mai. Tsarin ya kankama har Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a babban birninta daga Janairun 2025. Kamfanin Spiro yana yin irin wannan a Benin da Togo, ya kuma shigo Jihar Ogun. Tafiye-tafiyen yau da kullum a nan, daga Kafanchan zuwa Kagoro ko Gidan Waya ko Manchok, gajeru ne, sun dace da wannan tsari. Tsadar batir tana wuyan kamfani, ɗan acaba kuma yana ganin rararsa kowace yamma.

Akwai masu cewa tunda Allah ya ajiye ma'adinan batir a ƙasarmu, kamfanin mota ya zama dole. Gaskiya ne a 2016 wani kamfani mai alaƙa da Ostareliya ya sanar da gano nikel a Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a, kuma an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a Jihar Nasarawa a 2024. Amma shekaru sun shuɗe jama'ar Dangoma ba su ga abin da aka yi musu fata ba. Indonesiya ta cika kasuwar nikel har farashinsa ya faɗi, batura masu araha da ake yayi yanzu ma ba sa buƙatarsa. Tsakanin dutsen da ke cikin rami da batirin da ke cikin mota akwai tacewa da sinadarai da wuta mai yawa. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne a sarrafa ma'adinin a nan, a biya al'umma haƙƙinta, a kare gonaki da ruwan sha.

Don haka muna kira ga Gwamna Uba Sani da Majalisar Dokokin Jiha da kada su sa kuɗin jama'a a hannun jarin duk wani kamfanin ƙera motar lantarki da bai nuna littafin cinikinsa da wanda zai sayi kayansa ba, kada kuma a fara da saya wa manyan jami'ai motocin alfarma da sunan kare muhalli. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. A yi amfani da ita wajen jawo masu kafa ƙananan tashoshin sola a kasuwanni da tashoshin mota. Ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba su ba da filayen tashoshin musayar batir. Jami'ar Tarayya ta Kachia da reshen Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) na Kafanchan su buɗe gajerun kwasa-kwasai ga kanikawa da masu gyaran waya. Ƙungiyoyin 'yan acaba da na masu Keke su nemi a rubuta musu garanti da sharuɗɗan biya sannu-sannu kafin su sa hannu.

Ga mai niyyar saye kuma, shawararmu ita ce ya fara tambayar kansa inda zai yi caji, wanda zai gyara, da kuɗin sabon batir. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda ya samu amsar waɗannan uku ya saya, zai ga amfani. Wanda bai samu ba ya riƙe kuɗinsa, gwamnati kuma ta fara kawo wuta.