Kashin Dankali a Kasuwar Na'urorin Sadarwa

Ranar 2 ga Yuli, 2025, kamfanin Hewlett Packard Enterprise, wanda aka fi sani da HPE, ya kammala sayen Juniper Networks a kan kimanin dala biliyan 14. Shugabannin kamfanonin biyu sun yi ta shelar cewa yanzu an samu gwarzon da zai iya ja da Cisco, kuma mai saye ne zai ci moriyar karawar. Maganar tana da daɗin ji, amma tushenta ba shi da ƙwari. Abin da ya auku shi ne an fitar da ɗaya daga cikin manyan masu tayi uku daga kasuwa, kuma wanda aka fitar ɗin shi ne ya hana sauran biyun barci.

Kayan da ake magana a kansu ba su da kwarjini a ido. Su ne akwatunan waifai da ke manne a silin na ofis, da suwic da ke haɗa kwamfutocin gini ɗaya, da rauta da ke sada ginin da intanet. Amma idan suka tsaya, banki ba ya biyan kuɗi, asibiti ba ya buɗe fayil ɗin majiyyaci, jami'a ba ta yin jarrabawar kwamfuta. A wannan kasuwa farashin da aka rubuta a takarda mafarin ciniki ne kawai. Ainihin farashi yana fitowa ne a lokacin da babban jami'in sayayya ya ajiye takardun tayi uku a gabansa, ya bar kowane dillali ya san cewa akwai wani a bakin ƙofa. Rangwamen da ake samu daga tsoron abokin hamayya yake fitowa. Idan aka rage masu tayi, an rage tsoron, an kuma rage rangwamen.

Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fahimci haka sarai. Ranar 30 ga Janairu, 2025, ta shigar da ƙara a wata kotun tarayya da ke Kalifoniya tana neman a hana cinikin. Hujjarta ita ce HPE shi ne na biyu, Juniper na uku, a kasuwar waifai ta manyan ma'aikatu a Amurka, kuma idan suka haɗe, su da Cisco za su riƙe fiye da kashi 70 cikin ɗari na kasuwar. Takardun ƙarar sun kawo bayanan cikin gida na HPE da ke nuna yadda kamfanin ya shirya wa 'yan tallansa kamfe na musamman don kayar da Mist, wato tsarin waifai na Juniper, da yadda ya riƙa karya farashi don kada a ƙwace masa abokan ciniki. Ba a buƙatar shaidar da ta fi wannan. Wanda ya kasa kayar da abokin kokawarsa a fage, sai ya saye shi, ba zai ce don 'yan kallo ya yi ba.

Daga ina sabon abu yake fitowa?

Masu goyon bayan haɗewa suna cewa bincike da ƙirƙira suna cin kuɗi mai yawa, musamman a zamanin ƙirƙirarriyar basira, don haka sai babba ne zai iya ɗaukar nauyin. Tarihin wannan kasuwa bai goyi bayansu ba. Juniper kansa an kafa shi ne a 1996, lokacin da Cisco ke cin karensa babu babbaka a harkar rauta, kuma a 1998 ƙaramin kamfanin ya fito da na'urarsa mai suna M40 wadda ta tilasta wa Cisco tashi tsaye. Meraki, wanda ya yaɗa dabarar sarrafa na'urorin ofis daga nesa ta intanet, ɗaliban jami'ar MIT ne suka kafa shi, sai a 2012 Cisco ya saye shi a kan dala biliyan 1.2. Aruba ya yi suna da kansa kafin HP ya saye shi a 2015. Mist kuwa tsofaffin ma'aikatan Cisco ne suka kafa shi a 2014, suka sa manhaja ta riƙa gano matsalar waifai tun kafin mai amfani ya yi kuka, sannan Juniper ya saye shi a 2019 a kan dala miliyan 405.

Duk waɗannan sauye-sauye daga gefe suka taso, daga hannun ƙanana masu yunwar kasuwa. Manyan sun zo ne daga baya da jakar kuɗi. Yanzu Aruba da Mist, waɗanda jiya suke tsere, suna ƙarƙashin rufi ɗaya, suna jiran kasafin kuɗi daga hannun shugaba ɗaya. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa ba a daɗewa ana ciyar da rumfa biyu masu sayar da haja iri ɗaya. Ko ba jima ko ba daɗe, za a karkata ga ɗaya, kuma waɗanda suka gina ofisoshinsu a kan ɗayar su ne za su biya kuɗin ƙaura.

Sulhun da bai taɓa ciwon ba

A ƙarshen Yuni, ƙasa da mako biyu kafin ranar da aka sa don fara shari'a, Ma'aikatar Shari'a ta janye, ta amince da sulhu. Sharuɗɗan biyu ne: HPE ya sayar da sashensa na Instant On, kuma ya ba wasu masu gasa lasisin amfani da asalin rubutun manhajar basira ta Mist ta hanyar gwanjo. Instant On kaya ne da aka ƙera don ƙananan shaguna da ofisoshi, alhali ƙarar a kan manyan ma'aikatu aka shigar da ita. An ce ciwo yana ciki, sai aka shafa magani a goshi. Lasisin manhaja kuma ba ya zama kamfani. Abin da ya sa Mist ya zama abin tsoro ya haɗa da injiniyoyinsa, da ɗimbin bayanan da ya tara daga na'urorin abokan cinikinsa, da rundunar 'yan talla, da amincin da ya gina cikin shekaru. Rubutun manhaja shi kaɗai ba ya zuwa ya zauna a teburin tayi.

Ko a cikin ma'aikatar ma ba a yi shiru ba. A watan Yuli aka sallami manyan jami'ai biyu na sashen yaƙi da babakere, Roger Alford da William Rinner, kuma daga baya Alford ya fito fili ya soki yadda masu kamun ƙafa suka yi tasiri a kan sulhun. Amurka tana da dokar Tunney ta 1974, wadda ta wajabta wa alƙali ya duba ko irin wannan sulhu ya dace da maslahar jama'a. An kafa ta ne bayan abin kunyar sulhun kamfanin ITT a zamanin Nixon. Shekara hamsin bayan haka, ga dalilin kafa ta ya sake bayyana.

An kuma kawo hujjar Huawei: wai ana buƙatar ƙaton kamfanin Amurka da zai tare na Sin a kasuwannin duniya. Ko da an yarda da hakan, hujjar tana juyawa ta sari mai ita. Tun Nuwamban 2022 hukumar sadarwa ta Amurka ta daina ba sababbin kayan Huawei izinin shiga kasuwar ƙasar. Ke nan asibitin da ke Ohayo ba shi da wannan zaɓi tun farko, kuma shi aka ƙara ƙuntata wa don a yi yaƙi a wata nahiya. Gaskiya ne Tarayyar Turai da Birtaniya sun amince da cinikin a 2024, kuma gaskiya ne akwai Arista, da Extreme, da Fortinet, da Ubiquiti. Sai dai kasancewar suna a kasuwa daban, iya ɗaukar kwantiragin jami'a mai gine-gine ɗari daban.

Abin da aka saya, amma ba a mallaka ba

Da a ce zamanin dā ne, da barnar ta zo da sauƙi. Wanda ya sayi suwic a wancan lokaci ya mallake shi, zai yi ta aiki har ya ƙone, ko wane ne ya sayi kamfanin da ya ƙera shi. Yau kuwa yawancin waɗannan na'urori daga uwar garken mai ƙera su ake sarrafa su, da lasisin da ake sabuntawa. A tsarin da Meraki ya daɗe a kansa, idan lasisi ya ƙare, aka kuma cinye wa'adin kwana 30, na'urorin kan daina wuce da bayanai. Akwatin na mai saye ne, makullin yana hannun wani. Saboda haka idan kamfani ya canja hannu, sabon mai shi ya gaji makullan dukkan gine-ginen da aka riga aka sa wa kayan.

Wanda ke shakkar abin da sabon mai gida zai iya yi, ya dubi VMware. Broadcom ya kammala sayensa a Nuwamban 2023, kuma kafin shekarar ta ƙare ya daina sayar da lasisin dindindin, ya mayar da kowa kan biyan kuɗi na wa'adi. A 2024 AT&T, duk da girmansa, sai da ya garzaya kotu, inda takardunsa suka ambaci ƙarin farashi na kashi 1,050 cikin ɗari. Idan haka ta sami AT&T, ina ga ƙaramar ma'aikata? Ga kuma yawon da ake yi da kamfanoni kamar kayan gwanjo. Ruckus ya koma hannun Brocade a 2016, Arris a 2017, CommScope a 2019. VeloCloud ya shiga VMware a 2017, ya faɗa hannun Broadcom a 2023, aka miƙa shi ga Arista a 2025. Kowane sauyi yana zuwa da sabon tsarin farashi, da sabon dillali, da sabuwar ranar daina tallafa wa tsohon kaya.

Bankuna da jami'o'in Najeriya da ke amfani da kayan waɗannan kamfanoni suna cikin wannan lissafi, duk da ba a tambayi ra'ayinsu ba. Lasisin da dala ake ƙiyasta shi, kuma dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ma'aikatar da ta ɗaure kanta da kamfani ɗaya tana shan duka biyu, na canji da na rashin zaɓi.

Tun da masu gadin kasuwa sun nuna ana iya lallashinsu, kariyar da ta rage tana cikin kwantiragi. Mai hankali ba ya sa hannu sai an rubuta iyakar ƙarin da za a yi a lokacin sabunta lasisi, da abin da zai faru idan kamfani ya canja hannu, da tabbacin cewa na'ura za ta ci gaba da aiki ko an daina biya. Ba ya miƙa waifai da suwic da tsaro duka ga hannu ɗaya don kawai an yi masa alkawarin allon sarrafawa guda. Yana fifita ƙa'idojin da kowane kamfani ke iya bi, yana kuma horar da injiniyoyinsa a kan ilimin sadarwa kansa, ba takardar shaidar kamfani ɗaya kaɗai ba. Wannan duka yana da wahala, yana kuma cin lokaci. Amma wahalar kula da dillalai biyu ba ta kai ta ranar da za a kawo takardar sabunta lasisi ba, a duba bakin ƙofa a tarar babu kowa.