Takardar Shaida Ba Ita Ce Ƙarshen Karatu Ba

Unguwar Sheshe a birnin Kano ta sami sunanta daga wani malami cikin Wangarawa, waɗanda suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Har yanzu a zaurukan birni dattawa kan buɗe littafi gaban malami, kullum mas'ala guda.

To, don me akawu ko malamin makaranta zai rufe nasa ran da ya karɓi takardar shaida? Malamin da ya daina koyo, kwantaccen ruwa yake shayar da 'ya'yan mutane. Muna roƙon kowannenku kada ya kwanta sai ya san abu guda da bai sani ba jiya, ko kalma, ko doka, ko lissafi. Da yayyafi kogi kan cika.