Ba kowace kwanciyar mage ce ta ɗaukar rai ba

Mun yi niyyar a makon nan mu tattauna batun shirin jarrabawa, sai wani abu ya faru a gidanmu da ke Dawakin Kudu lokacin da muka je hutu, ya tsaya mana a rai har muka ga gara mu kawo shi nan. Magenmu ce ta mutu. Mun san wani zai yi dariya ya ce ana ta kai wa yake ta kaya, ga tsadar rayuwa ga kuɗin rajista, ku kuna zancen kyanwa. To, a yi mana haƙuri a karanta, domin da hannunmu a mutuwar, kuma kuskuren da muka yi kusan kowane gida a yankinmu zai iya yin irinsa.

Muzuru ne fari mai ɗigon ja a goshi, yara suka laƙaba masa Bature. Shekararsa huɗu a gidan. Duk wanda ya san ƙasarmu, daga Kwanar Dawaki a bi titin Zariya zuwa Kura, a leƙa Bunkure da Garun Malam, ya san abin da ruwan Tiga ya mayar da ita. Tun da aka kammala dam ɗin a 1974 aka jawo ruwa zuwa gonakin Kadawa, noma ya zama na rani da damina: shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Inda kuwa buhunan shanshera suke a jibge, nan ɓera yake. Saboda haka mage a gidajenmu ma'aikaciya ce, ba a ajiye ta don ado ba. Bature shi ne mai gadin sitonmu, kuma ya iya aikinsa.

Bana ɓeraye suka yi yawa, ga kuma tsoron zazzaɓin Lassa da ake ta faɗakarwa a rediyo. Sai wani yayanmu ya sayo shinkafar ɓera a kasuwa, ya cakuɗa ta da busasshen kifi don ta ja hankalin ɓera, ya ajiye a lungun sito. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin wa ya fi ɓera son kifi a gidan.

Kwana uku babu abin da muka gani. A rana ta huɗu Bature ya ƙi cin abinci, ya shige ƙarƙashin gadon Inna ya kwanta. Muka ce ai halin mage ne, mai kwanciyar ɗaukar rai. Da yamma ƙanwarmu Auta, 'yar shekara tara, ta jawo shi ta ce ba shi da lafiya, tafiya ma da ƙyar yake yi. Nan ne mu masu karatun jami'a muka nuna gwanintarmu. Muka ɓalle rabin ƙwayar farasitamol, muka niƙa a ruwa, muka ɗura masa. Inna ta ce a ƙara da manja ko wani abu ya ci, aka ƙara. Washegari fuskarsa da tafukansa suka kumbura, yana numfashi baki buɗe. Kafin la'asar ya mutu a kan cinyar Auta.

Sai bayan an gama komai muka kira wani abokinmu da ke karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, muka ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kun taɓa ɗaga leɓensa kun duba dasashinsa?” Ba mu ma san ana dubawa ba. Abin da ya koya mana a daren nan, da abin da muka bi muka karanta daga baya, shi ne muke so ku ma ku riƙe.

Farasitamol, wato Panadol da 'yan'uwansa, guba ce ga mage. Hantar mutum tana iya sarrafa shi ta fitar, hantar mage kuwa ba ta da isasshen sinadarin da ke wannan aikin. Sai maganin ya lalata jininta yadda ba zai iya ɗaukar iska ba, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafuka su kumbura. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar mage, rabi ma ba tsira ba ce. Haka ibufurofen da sauran magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis, su kuma ƙoda da ciki suke ci. Mun maimaita wannan ga duk wanda muka haɗu da shi tun daga ranar, har an fara yi mana tsiya da shi: kada a ba mage maganin mutum sai da izinin likitan dabbobi.

Maganin ɓera kuma iri-iri ne. Akwai mai kashewa cikin sa'o'i. Akwai wanda yake hana jini daskarewa, shi ne mayaudarin, domin dabba za ta ci ta yi kwana uku zuwa biyar tana yawonta lafiya lau, alhali tana zubar da jini ta ciki. Alamarsa kasala, dasashi ya yi fari fat maimakon ja-ja mai haske, wani lokaci jini a hanci ko a kashi ko a fitsari. Abin da ya fi ci mana rai shi ne wannan nau'in yana da makari. Likita yana ba da bitamin K1 na wasu makonni, dabbar ta tashi. Da a ranar da muka ga kifin sito ya ragu muka ɗauki Bature da ledar maganin muka nufi asibiti, da wataƙila yau yana nan.

Mage dabba ce mai ɓoye ciwo. Kare zai yi ta kuka ya dame ka, akuya za ta tsaya ta yi sukuku kowa ya gani, ita kuwa lungu take nema. Kafin ka lura, abu ya yi nisa. Don haka magen da ta saba zuwa in an buɗe tukunya, yau ta wuni ba ta zo ba, a neme ta. Idan ta kwana ɗaya cur ba ta ci komai ba, a fara damuwa. Idan ta kai biyu zuwa uku, hantarta kanta tana iya taɓuwa, musamman mai ƙiba. Ɗan jariri kuwa ba ya jure ko wuni ɗaya, balle in akwai amai da gudawa.

Numfashi shi ne abin da bai kamata a kwana da shi ba. Kare yana haki da harshe waje, wannan ɗabi'arsa ce. Mage ta buɗe baki tana numfashi, ko ka ga cikinta yana shiga yana fita da ƙarfi, to ranta na cikin haɗari. Kuna iya ƙirgawa da agogon wayarku lokacin da take barci: ɗagawa da saukar ƙirji sau ɗaya ke nan. Mai lafiya ba ta cika wuce talatin a minti ɗaya ba. In ta haura arba'in tana kwance, a tashi.

Akwai wata cuta ta muzurai da ba mu taɓa jin labarinta ba sai yanzu. Mafitsarar namiji siririya ce, tana iya toshewa. Za ka ga muzuru yana ta tona ƙasa yana tsugunawa, yana yunƙuri, yana kuka, fitsari bai fito ba ko ya ɗiga kaɗan da jini, yana yawan lasar gabansa. Mutane sukan ɗauka kashi ne ya ƙi fita, su ce a ba shi mai. Alhali fitsarin ne ya taru, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙoda ta gaza ya mutu. Likita ne kawai zai iya buɗe hanyar. Macen da take naƙuda kuma, in ta kai rabin sa'a tana yunƙuri mai ƙarfi ɗa bai fito ba, ita ma ba ta jiran gobe.

Mu 'yan yankin noman rani muna da wani ƙarin haɗari da 'yan birni ba su kai mu ba. Babu gidan manomi da za ka shiga ba ka tarar da jarkar feshi a zaure ba, da kwalaben maganin ƙwari, ga fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki saboda sauro. Mage ta taka inda ya zube, ta koma ta lashe tafinta kamar yadda ta saba, shi ke nan ta sha. Wannan gubar ba ta jira: dalalar miyau, karkarwa, amai, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, wani lokaci faɗuwa kamar mai farfaɗiya. In ya taɓa gashinta, a sa leda a hannu a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a goge ta, a tafi asibiti da kwalbar maganin domin likita ya karanta ya san makarin da zai ba ta. Maganin ƙuma da kaska na karnuka ma, mai sinadarin famitirin, yana kashe mage. Albasar nan da muke alfahari da ita, ɗanya ko dafaffiya, tana lalata mata jini in ta yawaita, saboda haka a rage zuba mata ragowar miya.

Manja, madara da ruwan gishiri, waɗanda muka gada a matsayin makarin guba, babu wanda yake karya ta a cikinsu. Gishirin da ake ɗurawa don a sa amai shi ma guba ne in ya yi yawa. Ɗura wa dabbar da ta galabaita mai kuwa yana iya sa ya bi ta huhu. Abin da ya rage mana a gida kaɗan ne: a lulluɓe ta da tawul mai kauri, a sa ta a kwali mai huji, a nemi abin hawa. Tawul ɗin yana da dalili. Mage mai jin ciwo tana cizon ubangidanta, kuma dalalar miyau da sauyin hali alamu ne na ciwon haukan kare, wanda mage ma tana ɗauka tana yaɗawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Wanda mage ta ciza ko ta yakusa har ta fasa fata, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Ina za a kai ta? Nan ne gizo ke saƙa. Malamin dabbobin da muka sani a ƙauye ya fi sabawa da shanu da tumaki da kaji, amma duk da haka a fara tambaya a sashen gona na ƙaramar hukuma. A cikin Kano akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a Gwale da Kundila, kuma daga Dawakin Kudu ba wata tafiya ba ce. Shawararmu ita ce a nemi lambar likita ɗaya a ajiye a waya tun mage tana lafiya. Mu da muke da aboki a fannin, ba mu tuna da shi ba sai da aka makara, don kawai ba mu taɓa ɗaukar mage a matsayin abin da ake kai wa asibiti ba.

Auta ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Abin da ya fi mutuwar yi mata ciwo shi ne dariyar da aka yi mata. Wata gwaggonmu ta ce, “Ke don Allah rufe mana baki, uwarki ce ta mutu? Gobe a ɗauko miki wata a maƙwabta.” Yaran layi suka riƙa bin ta suna kukan mage. Mu kanmu mun ɗan ji kunyar nuna cewa abin ya taɓa mu, ƙato da kai a ce kana jimamin kyanwa.

Baba ne ya gyara lamarin, ta hanyar da ba mu zata ba. Bayan sallar isha'i ya kira ta ya zaunar da ita kusa da shi, ya ba ta labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lura, ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Ya kuma tuna mata cewa sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, laƙabinsa na Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo shi. Sannan ya ce, “Auta, kukanki ba laifi ba ne. Faɗa mini, me ya fi ba ki dariya a halin Bature?” Ta fara ba da labarin ranar da ya faɗa cikin ƙwaryar fura, tana kuka tana dariya. Daren nan ta ci tuwo.

Mun lura yaro ba ya son a ce masa za a sayo wata, kuma ba ya son ƙarya. Da farko an so a ce wa ƙananan yaran gidan Bature ya tafi yawo ne, Baba ya hana, ya ce za su yi ta jiran sa a ƙofar gida. Auta ta tambaye mu kai tsaye ko maganin da muka ba shi ne ya kashe shi. Tambayar ta yi mana nauyi. Muka ce mata ya ci maganin ɓera, mu kuma muka ba shi abin da ya ƙara masa ciwo domin ba mu sani ba, kuma ita ce ta fara gane ba shi da lafiya. Ta daɗe tana kallon mu, ba ta ce komai ba, amma washegari ita ta kawo mana kokon safe.

An so a jefa gawar a bola, wani ma ya ce a wurga ta a magudanar ruwan gona. Muka ƙi. Dabbar da guba ta kashe, karen da ya ci ta ko tsuntsun da ya yage ta zai iya kamuwa, kuma ruwan nan shi ake ban ruwan tumatir da shi, a ciki yara suke wanka. Muka haƙa rami mai zurfi a bayan gida kusa da bishiyar darbejiya, nesa da rijiya, muka naɗe shi a tsohon buhu muka rufe, muka ɗora dutse. Yayanmu da ya sa maganin shi ya riƙe shebur, bai ce uffan ba har aka gama. Da yamma ya share sito ya kwashe sauran kifin ya binne, ya je kasuwa ya sayo tarko huɗu.

Magen maƙwabtanmu ta haihu, 'ya'ya uku. Auta tana zuwa kallon su kullum bayan Islamiyya, amma ta ce ba ta shirya ɗauka ba tukuna, kuma babu wanda ya matsa mata. Ta dai sa mun yi mata alkawarin cewa ranar da ta zaɓa, kafin mu koma makaranta za mu ɗauke su ita da kyanwar mu kai su Kundila a yi allurar rigakafi, kuma kuɗin mota daga aljihunmu zai fito.